Ƙofar Ɗakin Sanyi

Rana ta fara karkata lokacin da wayar caji ofis ta yi ƙara. Saje ne ya ɗauka, ya saurara, ya ajiye, sannan ya leƙa ofishin Sufeto.

"Oga, daga masana'antar sarrafa madara ne. Wai wani ma'aikacinsu ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin canza kaya. Rai ya yi halinsa."

"Shi ne suka kira mu, ba asibiti ba?"

"Asibitin ne suka ce ba za su taɓa gawa ba sai da 'yan sanda."

Sufeto ya ɗauki hularsa. Mutum ne mai jinkirin magana, ƙiba ta fara kama shi, kuma babu abin da ya tsana kamar zafin rana. Duk hanya fifita yake yi da murfin fayil.

Masana'antar na cikin doguwar katanga mai waya a kanta, ƙofar shiga ɗaya tak. Har gidajen ma'aikata a ciki suke, ɗakuna a jere a bayan tankunan madara. Suna shiga maigadi ya mayar da ƙofa ya danna kwaɗo. Duk bangon da ka duba akwai hoton mutum sanye da hular kwano yana murmushi, an rubuta a ƙasa cewa lafiyar ma'aikaci ita ce gaba da komai.

Manaja ne ya tarye su, yana share gumi da hankici.

"Yallaɓai, ajali ne kawai. Mu nan ko yatsa ba a taɓa yankewa ba. Ka tambayi kowa."

"Zan tambaya," in ji Sufeto.

Ɗakin canza kaya ba shi da taga. Rufin kwano ne, zafi kamar an hura wuta a sama. Gawar na kan benci an lulluɓe ta da zane. Ma'aikata sun jeru jikin bango, kowa ya zuba wa takalminsa ido.

"Wa ya fara ganinsa?"

Wani ƙaƙƙarfan mutum mai furfura a gemu ya matso. Shi ne shugaban masu lodi. Yawancin leburorin shi ya samo musu aikin, saboda haka kowa Yaya Babba yake ce masa.

"Ni ne, Yallaɓai. Na shigo ɗaukar abu na tarar da shi a kwance a ƙasa. Mijin ƙanwata ne."

"Allah ya jiƙansa. Me ake ce masa?"

Wani daga baya ya ce, "Ƙorafi." Sai kuma ya yi sauri ya rufe bakinsa.

"Tsokana ce ta wurin aiki," in ji Yaya Babba. "Komai ya gani sai ya yi magana."

"Yaushe rabonka da shi?"

"Tun safe. Ni yau wuni na yi a wajen manyan motoci."

Sufeto ya yaye zanen. Matashi ne siriri, leɓɓansa sun yi baƙi. Ya ɗora bayan hannunsa a wuyan gawar, sai ya janye da sauri. A ɗakin da kowa ke ɗigar gumi, jikin mutumin nan sanyi ƙalau yake kamar ƙanƙara, rigarsa kuma a jiƙe. Ya ɗaga hannun dama. Farata sun kakkarye, kan yatsun ya saɓule.

Ya laluba aljihunan. Babu komai.

"Ba shi da waya?"

Sufeto ya mayar da zanen ya lulluɓe gawar.

Aka ɗauki gawar zuwa asibiti. Sufeto ya ce a nuna masa inda mamacin yake aiki. Manaja ya fara bayanin cewa wurin ba a shiga sai da kaya na musamman, amma Sufeto ya riga ya yi gaba.

Ɗakin sanyin yana ƙarshen wani dogon lungu. A nan ake jibge katan-katan na madarar da aka daskarar kafin a yi lodi. Ƙofarsa ta ƙarfe ce, kaurinta ya kai na katifa. Saje ya ja ta da hannu biyu. Hucin sanyi ya bugo su, tare da wani wari da bai dace da wurin ajiye abinci ba.

"Fenti," in ji Saje.

"Muna gyara ne saboda masu duba masana'antu na gwamnati, suna tafe cikin makon nan," in ji Manaja.

Sufeto ya shiga ya duba bayan ƙofar. Fari tas, fentin ko bushewa bai yi ba. Hannun buɗewa na ciki sabo fil, yana ƙyalli. Gefe kuma ga wani jan maɓalli, an rubuta a samansa a danna idan an maƙale.

"Saje, rufe ni."

"Oga?"

"Rufe ni, ka tsaya a nan."

Ƙofar ta rufe da wani sauti mai nauyi, fitila ta mutu nan take. Fankoki suka ci gaba da ruri a saman kansa. Ya kunna fitilar wayarsa, ya lura babu sabis ko ɗigo. Ya kama sabon hannun ƙofar ya murɗa. Hannun ya biyo shi gaba ɗaya, kusoshinsa suka zube a ƙasa. Manna shi kawai aka yi.

Ya danna jan maɓallin. Shiru. Ya sake dannawa, ya riƙe. Shiru.

Ya buga ƙofar da tafin hannu, sannan da ƙarfen da ya ɓalle. Ya kira sunan Saje da iyakar muryarsa. Fankokin suka haɗiye kiran. Gumin da ke bayansa ya koma kamar an watsa masa ruwan ƙanƙara, kunnuwansa suka fara zogi, yatsunsa suka ƙi lanƙwasuwa. Ya san Saje yana nan bayan ƙarfen, taku ɗaya tsakaninsu, ya san za a buɗe. Duk da haka ƙirjinsa ya takure, ya ji bangon yana matsowa.

Ya tilasta wa kansa ya tsaya. Ya haska ƙofar, ya sa gefen ƙarfen ya kankare ɗanyen fentin daidai tsayin ƙirjin mutum. A ƙarƙashi akwai zane-zanen yakushi, dogaye, sun sauko har kusa da ƙasa. Wasu da jini a cikinsu.

Da ƙofar ta buɗe, Saje na murmushi.

"Oga, na ɗauka iska kake sha, tunda kullum kukan zafi kake."

Da ya ga fuskar Sufeto, murmushin ya ɗauke.

"Ba ka ji ina bugu ba?"

"Wallahi ko motsi ban ji ba."

Manaja kuwa ya ce ana kiransa a waya, ya sulale.

Ofishin jami'ar kiyaye haɗurra a ƙarƙashin matakala yake, ɗan ƙurmusun ɗaki da in mutum ya miƙe sai kansa ya taɓa rufi. Mace ce da ta manyanta, da tabarau. Ma'aikata na ce mata Anti Hula, don duk wanda ta haɗu da shi tambayarta ɗaya ce, ina hularka.

"Yaushe aka sa sabon hannu a ƙofar ɗakin sanyi?"

"An kwana biyu, Yallaɓai."

"Ƙararrawar fa?"

"Tana aiki."

Sufeto ya ɗora ƙarfen a kan teburinta. Fenti ya ɓata mata takarda.

"Yanzu na fito daga ciki. Na danna ta har yatsana ya sage. Hajiya, aikinki ne ki hana a mutu a gidan nan. Ina so ki sake ba ni amsa."

Ta cire tabarau ta riƙe.

"Tun bara hannun ya karye. Ƙararrawar kuma Manaja ne ya sa aka cire wayarta, wai tana yawan kuka ba dalili tana tsayar da aiki. Na yi magana har na gaji. Kullum sai a ce bayan lodin nan, bayan lodin can."

"To yaya ake shiga?"

"Guntun katako ake sawa a tokare ƙofar. Kowa ya sani. In katakon na nan ba ta rufuwa, ko guguwa aka yi. Sai dai in wani ya cire shi."

"Kuma babu wanda ya taɓa kai ƙara?"

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ƙara wurin wa? A nan in inji ya yanke ka, za ka naɗe hannun ka ce a gida ka ji ciwo. Wanda ya ce a wurin aiki ne, ya ɓata wa masana'anta suna, sai a sallame shi, a karɓe ɗakin da iyalinsa ke ciki. Ni kaina a nan ciki nake zaune da mahaifiyata, ba ta iya tafiya. Hula kaɗai aka bar mini in yi faɗa a kanta."

"Shi Ƙorafi fa?"

"Shi kaɗai ne bakinsa bai mutu ba. Jiya a gaban kowa ya ce in masu dubawa sun zo, da hannunsa zai ja su ya nuna musu ƙofar nan."

"Wa ya ji haushi?"

Ta mayar da tabarau.

"Wannan kuma ban sani ba, Yallaɓai."

Washegari da safe likita ya kira. Babu ciwon zuciya, babu duka. Sanyi ne ya kashe mutumin, kuma ya daɗe yana fama kafin ya cika.

Sufeto da Saje suka nufi gidajen ma'aikata. An shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin mamacin, Yaya Babba na zaune yana karɓar gaisuwa, hannayensa cikin aljihun riga. Sufeto ya yi masa ta'aziyya, ya bar Saje a wurinsa, ya yi sallama ya shiga.

Ɗaki ɗaya ne. Gado, kwanuka a jere a kan kwali, takalman aikin mamacin na biyu a bayan ƙofa. Tagar na kallon katanga. Matar na zaune a ƙasa, jariri na barci a cinyarta, ta dunƙule wani abu a cikin mayafinta.

"Allah ya ba ki haƙuri. Tambaya kaɗan zan yi. Mijinki yana da waya?"

"Yana da ita."

"Ba mu same ta a jikinsa ba. Yaushe kuka yi magana ta ƙarshe?"

"Da safe, da zai fita."

"Yaya zamansu da yayanki?"

"Lafiya lau. Ba su taɓa sa-in-sa ba."

Ta faɗa da sauri, idonta na kan labulen ƙofa, inda inuwar yayanta take.

Sufeto ya zauna a bakin gado ya rage murya.

"An gaya miki faɗuwa ya yi. Ba faɗuwa ya yi ba. A ɗakin sanyi ya mutu, a rufe. Jiya na sa an rufe ni a ciki. Ban daɗe ba, kuma na san za a buɗe mini, amma har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Shi ya yi ta yakushin ƙarfe har faratansa suka fita."

Ta toshe bakinta da mayafi. Kukan ya ƙi fitowa da sauti, kafaɗunta kawai ke girgiza.

"Kin riga kin sani," in ji Sufeto.

Ta buɗe hannunta. Wayarta ce.

"Bayan an zo an gaya mini ya rasu, ina zaune a nan, sai ta yi ƙara. Na duba na ga sunansa. Na ɗauka ƙarya aka yi mini, yana da rai."

Sufeto ya gane. A cikin ɗakin babu sabis. Saƙon ya maƙale a wayar mamacin, sai da aka fito da ita inda akwai sabis sannan ya tafi.

Ta danna. Ƙarar fankoki ta fara fitowa, sannan murya, haƙora na haɗuwa.

"Maman yaro, Yaya ne ya rufe ni a ɗakin sanyi. Wasa yake yi, na sani, so yake in yi shiru. In kin ji wannan ki kira shi ki tuna masa, ƙila ya manta. Kada ki yi masa faɗa. Ki ce kawai ya zo."

Akwai na biyu. Wannan babu magana sosai a cikinsa, sai numfashi, da kiran Yaya a hankali, har ya yanke.

"Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu," in ji ta. "Shi ya aurar da ni, shi ya samo masa aikin, ɗakin nan ma da bakinsa aka ba mu. In na yi magana na tura yayana kurkuku. In na yi shiru na ci amanar uban ɗana. Tun jiya nake zaune da wayar nan a hannu, Yallaɓai, ko tashi na kasa."

"Ba ni ita. Daga nan nauyin ya dawo kaina."

Ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba.

A ofishin Manaja aka taru. Na'urar sanyaya ɗaki na aiki, Sufeto ya ce a kashe ta. Saje ya tsaya a bakin ƙofa. Anti Hula na tsaye a lungu, Yaya Babba na kan kujera.

"Ka ce rabonka da shi tun safe," Sufeto ya ce wa Yaya Babba.

"Haka ne."

"Ba ka je wajen ɗakin sanyi ba jiya?"

"Ko kusa."

"Fito da hannunka daga aljihu."

Ya fito da su a hankali. An wanke su da kananzir har fata ta yi fari, amma fenti ya maƙale a gefen farata.

"Gyara ne na masu dubawa," Manaja ya yi caraf ya ce. "Ni na sa shi."

"Yanzu ya ce ko kusa bai je ba. Ku shirya tsakaninku, wanne ne gaskiya?"



Sufeto ya ɗora wayar a kan tebur ya danna. Da muryar ta fito, Yaya Babba ya zabura kamar an tsikare shi. Da aka kai inda mamacin ke cewa kada ki yi masa faɗa, ya zame daga kujera ya durƙusa, ya rufe kunnuwansa da hannu biyu.

"Kashe, Yallaɓai. Don Allah kashe."

Sufeto ya kashe.

"Ina jinka."

"Ban yi niyyar kashe shi ba, Allah shaida ne. Manaja ya kira ni da safe ya ce in ban rufe bakin surukina ba, ni da duk wanda na kawo aiki za mu kwashe kayanmu. Na same shi yana jera kaya a ciki. Na ce ya rufa mana asiri, mutane da yawa ke ci a nan. Ya ce, Yaya, wata rana ƙofar nan za ta kashe wani. Raina ya ɓaci. Na ce to zauna ka huce. Na sa ƙafa na ture katakon."

Ya ci gaba.

"Cewa na yi in zaga in dawo. Ina fita manyan motoci suka iso a tare, direbobi na ihu, Manaja na kira. Na shiga lodi. Wallahi ya fita daga raina. Sai da aka zo ɗaukar kayan ɗakin sanyi na tuna. Na ruga a guje. Na tarar da shi a jikin ƙofar, a durƙushe."

"Wayarsa fa?"

"Na jefa ta a kwatar bayan tanki."

"Wa ya ce a kai shi ɗakin canza kaya?"

Yaya Babba ya dubi Manaja.

"Ni ban san wannan zancen ba," in ji Manaja. "Rikicin dangi ne, babu ruwan masana'anta."

"A gabana ka faɗa."

Anti Hula ce. Ta matso daga lungu.

"A gabana ka ce a ɗauke shi daga nan, a shafe ƙofar, a manna hannu kafin 'yan sanda su zo. Ni na ɗauko fentin daga sito. In za a tafi da ni a tafi da ni, zan maimaita a gaban alƙali."

"Za ki biyo mu ki ba da bayani," in ji Sufeto. "Saje."

Saje ya ciro ankwa. Yaya Babba ya miƙa hannayensa da kansa. Manaja ya fara zancen lauya da masu masana'anta, Saje ya ce masa duk zai kira su daga caji ofis, ya haɗa hannunsa da na Yaya Babba a ankwa ɗaya.

Kafin su fita Sufeto ya sa aka kashe injin ɗakin sanyin, aka kwance ƙofar daga jikin bango aka ɗora ta a bayan mota, shaida ce.

Ma'aikata sun cika tsakar masana'antar. Babu wanda ya kira su. Suka dare aka wuce da mutanen biyu ta tsakiyarsu. A can ƙarshen layin gidaje matar mamacin na tsaye da jaririnta a kafaɗa. Yaya Babba ya ja ya tsaya.

"Ƙanwata," ya ce.

Ta dube shi. Ta gyara wa yaron kwanciya, ta juya ta shige ɗaki.

Saje ya dafa kan Yaya Babba ya shigar da shi mota tare da Manaja.

Jiniyar komawa aiki ta yi kuka. Ta yi ta yi har ta gaji ta tsaya. Babu ma'aikacin da ya motsa daga inda yake. Maigadi ya buɗe kwaɗo, motar 'yan sanda ta fita.